“To” ɗin maras lafiya ba ta nufin ya gane



An ce in yi magana a kan abin da na gani a waje lokacin da nake karatun aikin jinya. Na san wasunku suna jira in lissafa injuna da manyan gine-gine, mu yi tsaki mu ce mu ba mu da su. Yau labarin kuskurena na kawo muku, kuskuren da ya kusa kai wani tsoho lahira.

Shekara 3 na yi a Marakesh, ƙasar Maroko, ina lisansi. A aji da Faransanci ake karantarwa, shi ya sa na ɗauka babu abin da zai ba ni wuya. Ranar da na fara sitaj a asibiti na gane ashe da saurana. A ɗakin majinyata Darija ake yi, wato Larabcin Maroko. Da yawa daga cikin waɗanda ke gangarowa daga duwatsun Atlas kuma Tashelhit suke ji, wani reshe na harshen Amazigh, dangin Tamajaq ɗinmu na Agadas. Tun 2011 kundin tsarin mulkin Maroko ya sa Amazigh cikin harsunan hukuma, amma takardar magani da dosiyen majinyaci duk da Faransanci ake rubuta su.

A shekarata ta biyu aka kai ni sashen masu ciwon suga. Aka ba ni wani dattijo, manomi daga dutse, aka ce in koya masa yi wa kansa allurar insulin kafin a sallame shi. Irin insulin ɗin nan mai saurin aiki ce: in ka yi ta dole ka ci abinci nan take, in ba haka ba sugan jini ya faɗi. Na zauna na yi masa bayani da Faransanci, ina tsarma ƴar Darijar da na tsinta a kasuwa. Na nuna farantin abinci, na kaɗa yatsa, nufina kada ya yi allura bai ci ba. Shi kuma yana murmushi yana cewa “wakha, wakha”, wato “to, to”. Na rubuta a dosiye cewa an yi wa majinyaci bayani kuma ya fahimta.

Daren nan ina gardi. Ya yi allurarsa daidai yadda na koya masa, sai ya ture abincin gefe. Ashe shi abin da ya gani, yarinya ta nuna abinci ta kaɗa yatsa, ke nan an hana shi ci. Bayan wani lokaci maƙwabcin gadonsa ya ƙwala kira. Muka same shi jiƙe sharkaf da gumi, jiki na rawa, bai san wanda ke kansa ba. Aka auna suga: giram 0,4 a lita. Ku sani, da zarar ya sauka ƙasa da 0,7 an shiga hatsari. Anfirmiyar da nake ƙarƙashinta ta yi maza ta sa masa ruwan gulukos ta jijiya. Cikin ƴan mintoci ya buɗe ido. Wallahi ni kuwa ƙafafuna sun kasa ɗaukata.

Da safe shugabar sashen ta kira ni. Ban ji zagi ba. Tambaya ɗaya ta yi mini: “Ƴata, ta yaya kika san ya gane?” Na ce ai ya ce wakha. Ta ce ita ma in aka yi mata Sinanci wakha za ta ce, don kada ta kunyata mai magana. Sai ta aika aka kira wata mata mai shara da ke jin Tashelhit. Matar ta fassara, sannan shugabar ta sa tsohon ya maimaita komai da bakinsa, ya kuma nuna da hannunsa: allura, abinci, da abin da zai yi in ya ji gumi da rawar jiki, wato ya sha ruwa mai sukari ba tare da jinkiri ba. Minti goma aka yi. Ko dala ba a kashe ba.

To ƴan uwa, mu dawo gida. Wane ne a nan bai taɓa raka uwarsa ko kakarsa gidan likita ba? An rubuta takarda da Faransanci, an miƙa, an ce “kin gane ko?”, ta ce “to”. Wannan “to” ɗin ita ce wakha ɗin tsohon nan. Ladabi ne, da kunya, da tsoron mai farar riga. Maganin masassarar cizon sauro da aka fi bai wa yara sau 6 ake shansa cikin kwana 3. Uwa nawa ce ke dakatawa ranar da jiki ya yi sanyi, don ba wanda ya gaya mata ciwon zai iya dawowa? Garin ruwan gishiri da sukari na zawo, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake dama shi. In an dama a ɗan kofi, gishirin ya yi wa yaro yawa. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar. Maganin kyauta da aka sha ba daidai ba, wa ya amfana?

Ban zo in jefi ma'aikatan lafiya ba, ni ma cikinsu nake. Na san yadda mutum ɗaya ke fuskantar layin da ya kai bakin ƙofa tun safe. Amma mu da muke jin Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajaq ko Barbarci daidai da majinyatanmu, me zai hana mu? Ni a Marakesh ina da uzurin baƙunta. A Maradi ko Damagaram ba ni da shi. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. Ni a ɗakin awo nake so in gan shi yana aiki.

Ga roƙona. Abokan aikina, mu daina tambayar “kin gane?”. Mu ce: “Inna, gaya mini yadda za ki ba shi in kin je gida.” Ku kuma da kuka yi lakwal, in kun raka wani, kada ku fito sai kun ji amsar abu uku: mene ne ciwon, yaya za a sha maganin kuma kwana nawa, sannan wace alama ce in an gani a dawo da gaggawa. Tambaya ba rashin kunya ba ce, haƙƙinku ne. In maƙwabciya ta dawo da takarda, ku zauna ku karanta mata, ku sa ta maimaita.

Ranar da aka sallami tsohon nan, ya ɗaga allurarsa ya nuna mini, ya nuna burodi, ya kai hannu baki, yana dariya. Har yau duk sanda majinyaci ya ce mini “to” da sauri, shi nake tunawa, sai in ja kujera in zauna.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.