Da Wane Haske Za Su Yi Aikin Gida?

Mai girma shugaban reshe, iyayenmu da suka yi ritaya, 'yan uwa malamai.

Kowace safiya muna karɓar littattafan aikin gida, mu ware waɗanda ba su yi ba, mu ɗaga musu murya. Ba kasafai muke tambayar yaro da wane haske zai rubuta ba. A ƙauyuka da dama na Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua, da zarar an sallame Magariba fitila ɗaya ce a gida, tocila ko hasken waya, ita ma tana madafa wajen uwa. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, fitilar ƙwai ta koma rataye. Malaman tsangaya sun fi mu lura: tun da rana suke tura almajirai neman kara, domin sun san karatun dare ba ya yiwuwa sai da wuta.

A watan Oktoba na 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu. Mu na cikin birnin Daura muka yi ta kuka, alhali abin da muka ɗanɗana na 'yan kwanaki shi ne abincin ɗalibanmu na ƙauye shekara da shekaru.

A da, in an yi maganar lantarki sai a ce sha'anin Abuja ne. Wannan uzuri ya ƙare. A watan Maris na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, dokar lantarki ta biyo baya a watan Yuni. Ƙofar da za mu ƙwanƙwasa yanzu tana Katsina, wata kuma tana sakatariyar ƙaramar hukuma.

Buƙatarmu ba ta da yawa: aji ɗaya a kowace firamare mai faifan sola da batir, a buɗe shi daga Magariba zuwa bayan Isha'i. Amma a rubuta a kasafi wa zai canja batir, kwamitin makaranta kuma ya san wa zai yi gadi. Duk mun ga fitilun titi da suka mutu ba mai waiwayarsu. Kafin nan, muna roƙon kowane shugaban makaranta ya kawo wa sakataren reshe adadin ɗalibansa da ba su da hasken karatu a gida, kafin taro na gaba.