Ba'ar Aji Ba Ta Ƙarewa a Aji



A hutun da ya gabata mun karanta Stormbreaker, littafin leƙen asiri na Anthony Horowitz da ya fito a Ingila a 2000. Jaruminsa Alex Rider ne, ɗan shekara 14, wanda hukumar MI6 ta tilasta wa aiki bayan an kashe baffansa. 'Ya'yanmu bajintarsa ta burge su. Mu kuwa mugun cikin labarin ne ya tsaya mana a rai.

Herod Sayle attajiri ne da ya shirya raba wa makarantun Ingila kwamfutoci kyauta, alhali ya ɓoye ƙwayar cutar agana a cikinsu. Dalilinsa kuwa, yana yaro baƙo 'yan makarantarsu suka addabe shi da ba'a, jagoransu kuma ya girma ya zama firaminista.

Labarin ƙagagge ne, amma kowannenmu ya san yaron da ake yi wa dariya saboda harshensa ko yagaggiyar rigarsa. Duk ranar da muka kau da kai, mun koya masa cewa ba shi da gata. Mu tsawatar tun ba'ar tana ƙarama, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.