Zaɓen Littafin Latinanci ga Yaran da Ake Karantarwa a Gida a Amurka

A duk jihohin Amurka 50 doka ta yarje wa iyaye su karantar da 'ya'yansu a gida, kuma daga cikin masu yin haka akwai waɗanda ke sa Latinanci, harshen Rumawan dā, cikin darussa. Ra'ayin ya samu ƙarfi daga laccar da marubuciyar Ingila Dorothy Sayers ta gabatar a 1947 kan tsohon tsarin ilimi, sannan littafin The Well-Trained Mind, wanda Susan Wise Bauer da mahaifiyarta Jessie Wise suka fitar a 1999, ya kai shi gidaje da dama. Wahalar zaɓe takan taso ne a aji 6 zuwa 8, wato daga shekara 11 zuwa 14, lokacin da yaro ya girmi littattafan waƙe-waƙe da hotuna, amma bai isa ɗaukar na jami'a ba.

Nauyin Latinanci a ƙarshen kalma yake. Suna yana sauya ƙarshensa gwargwadon aikinsa a jimla, cikin halaye 6, kuma sunayen sun kasu gida 5, fi'ilai gida 4. Wanda ya karanta i'irabi a nahawun Larabci ya san irin wannan aiki, sai dai a can halayen suna 3 ne kacal. Kan yadda za a ɗora wa yaro wannan kaya ne littattafan suka rabu biyu.

Kashi na farko nahawu suke sa wa gaba: a haddace jadawali, a yi aikin fassara, karatu ya biyo baya. Tsohon cikinsu shi ne na Robert Henle, limamin Katolika, wanda ya fito cikin shekarun 1940. Kalmominsa kaɗan ne, an zaɓo su don shirya ɗalibi ya karanta rubuce-rubucen Yuliyas Kaisar, shi ya sa jimlolinsa suka cika da yaƙi da sojoji, abin da kan gundire wasu yara. Yana kuma buƙatar littafin nahawu na daban. First Form Latin na Cheryl Lowe, daga kamfanin Memoria Press, ya fi tafiya a hankali, kuma ya zo da jagorar malami da littafin aiki da darussan bidiyo. Na Frederic Wheelock kuwa, mai babi 40, wanda ya fito a 1956, don 'yan jami'a aka rubuta shi. Kyansa ba ya hana shi yi wa ɗan shekara 12 sauri.

Kashi na biyu da labari suke farawa. Littafin farko na Cambridge Latin Course na 1970 yana bin iyalin Caecilius, wani mai hada-hadar kuɗi a birnin Pompeii, har zuwa aman wutar dutsen Vesuvius a shekara ta 79 miladiyya, nahawu na shigowa kaɗan-kaɗan. Hans Ørberg, mutumin Denmak, ya fi kowa nisa a wannan hanya: littafinsa Familia Romana, mai babi 35, da Latinanci zalla aka rubuta shi, hatta bayanin nahawun. Hoto da bayanan gefen shafi ne ke nuna ma'ana. Ɗalibin da ya bi shi da kyau yakan karanta jimla kai tsaye ba tare da ya tsaya fassara ta a zuci ba.

Abin da ya fi yanke hukunci shi ne ilimin mai koyarwa. Littattafan labari an fi cin moriyarsu a hannun malamin da zai gane lokacin da yaro ke cankar ma'ana daga hoto alhali bai fahimci ƙarshen kalma ba. Uwar da ba ta taɓa karanta Latinanci ba ba za ta kama wannan ba, sai an yi nisa jimloli sun yi tsawo, yaro ya cije. Irin wannan gida ya fi dacewa da littafin nahawu mai amsoshi da bidiyo, a haɗa da babin farko-farko na Ørberg don karatun nishaɗi. Inda akwai wanda ya iya harshen, ko malami ta intanet, ana iya juya tsarin.

Sauran abubuwa biyu ba su da wuyar warwarewa. Lafazi iri biyu ne: na Rumawan dā, inda ake furta c kamar k, v kuma kamar w, da na coci, mai kama da Italiyanci. Ya isa a riƙe ɗaya. Batun addini kuma, Henle da Memoria Press suna ɗauke da addu'o'in Kirista, Cambridge da Ørberg kuwa rayuwar Rumawa da tatsuniyoyinsu suka fi bayarwa.

Don auna ci gaba akwai jarrabawar National Latin Exam ta kowace shekara, mai tambayoyi 40 na zaɓi, wadda 'yan karatun gida ma suke zama. Bayan nahawu tana tambaya kan tarihi da al'adun Rum, don haka mai bin Henle sai an ƙara masa wannan ɓangare daga wani littafin.