Dattawanmu da Zaman Kan Dutsen Mambila

Iyayena da 'yan'uwa, shugaba ya ce in yi magana kan dattawanmu na nan Gembu.

Tsayin dutsen Mambila ya kai kimanin mita 1,600. A nan, oksijin da mutum ke shaƙa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida in an gwada da Legas. Saurayi ba ruwansa. Amma tsoho mai ciwon zuciya ko huhu, kafin ya hau tudu zuwa masallaci sai ya tsaya yana haki. A hankali ya daina fita, ya rasa jam'i, ya rasa abokan hira. Ni wannan kaɗaicin ya fi damuna.

Kada a tsorata, ciwon tsauni galibi sai an haura mita 2,500, irin La Paz ta Bolibiya.

Abin tsoro shi ne kaskon gawayi a rufaffen ɗaki saboda sanyi. Gubarsa ba ta wari, kuma tana kisa. A fitar da shi kafin barci, a ƙara bargo. In ƙafafun Baba sun kumbura, ko ba ya iya barci sai a jingine, a kai shi asibiti ranar nan, kada a ce tsufa ne.