Abincin Jarirai Daga Wata Shida Zuwa Yaye: Abin Da Bincike Ya Nuna

Tsayin yaro ya fi samun tawaya ne kafin ya cika shekara biyu. Binciken da Cesar Victora da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, bisa awon yara a ƙasashe 54, ya nuna cewa yaran ƙasashe matalauta kan fara komawa baya tun watannin farko, su yi ta sulalewa har wata 24. Tsayin da aka rasa a lokacin da wuya ya dawo. Wannan ita ce tsumburewa, wadda ba ta tayar da hankalin iyaye kamar ramar tamowa, domin yaron yana wasansa, sai dai a ce ƙaramin jiki gare shi.

Akan ce gajarta gado ce. Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara kimanin 8,500 a Brazil, Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, dukkansu 'ya'yan gidajen da ke da wadatar abinci da kulawa. Girmansu ya zo kusan ɗaya, kuma a kansa aka gina ma'aunin 2006 da asibitoci ke amfani da shi. Saboda haka, da ƙidayar lafiya ta Nijeriya ta 2018 ta sami kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure, kashi 57 a Arewa maso Yamma, ba za a ɗora wa jini laifin ba.

Tun 2001 shawarar hukumar ita ce nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Daga nan nono kaɗai ya gaza, musamman wajen sinadarin ƙarfe mai gina jini, wanda ajiyar da jariri ya zo da ita take ƙarewa a daidai lokacin. Mai wata 6 zuwa 8 yana buƙatar ƙarin kalori 200 a rana daga abinci, mai wata 9 zuwa 11 kalori 300, mai shekara ɗaya zuwa biyu 550, ana kuma ci gaba da ba shi nono.

A nan matsalar koko take. Cikin jariri bai wuce ɗan ƙaramin kofi ba, kokon da aka tsinka don ya yi saurin haɗiyuwa kuwa kusan duk ruwa ne. Yaro ya sha, ya ƙoshi, ya yi barci, amma bai samu abin kirki ba. Kunun da ya dace shi ne mai kaurin da ba ya zuba daga cokali da an karkata shi, an kuma sa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko waken suya, da ɗan mai. Masu bincike a Baroda ta Indiya sun nuna wata dabara mai araha: ɗan garin hatsin da ya yi tsiro yana sassauta kunu mai kauri ba tare da an ƙara ruwa ba.

Batun ƙwai ya nuna iyakar bincike guda. A Ekwado, a wani gwaji da aka wallafa a 2017, ƙwai ɗaya kullum na tsawon wata shida ya rage tsumburewa da kashi 47. Da aka maimaita gwajin a Malawi, tsayin yaran bai ƙaru ba, wataƙila don dama suna cin kifi. Ƙwai, hanta, kifi da madara suna da amfani, amma gwargwadon giɓin da suka tarar.

Binciken da ya fi daɗewa shi ne na ƙauyuka huɗu a Gwatemala, inda daga 1969 zuwa 1977 aka riƙa ba yaran biyu daga cikin ƙauyukan wani kunu mai madara da furotin. Da aka bi sawunsu bayan sun girma, mazan da suka sha kunun kafin shekara biyu suna samun ladan aiki da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 46. Waɗanda suka fara sha bayan shekara uku ba a ga wannan bambanci a tare da su ba.