JAWABIN KWAMITI KAN GYARAN INJIN JIRGIN ƘUNGIYA



A shekarar 2023, da anka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, samarinmu ƴan cin rani sunka kama aikin fito, ƙungiya kuwa ta saya musu inji Yamaha mai doki 40. Yanzu shina son gyara, kawuna sun rabu: wasu sun ce a sayi kayan kamfani, wasu sun ce na kasuwa sun fi araha.

Ga abin da munka gani. Cikin ƙafar inji akwai wata ƴar roba mai fikafikai, ita ke zuƙo ruwan kogi ta sanyaya shi. Ruwan Isa na damina cike yake da yashi, shina cin ta. In ta mutu, ruwan da ke tsartuwa ta baya ya tsaya, inji ya yi zafi, fistan ya kame tsakiyar kogi, ga mutane, ga kaya. Saboda haka wagga roba, da fistan da zobbansa, sai na kamfani, komi tsadarsu.

Amma ba dukan kayan kasuwa ne jabu ba. Igiyar tada inji da farfela, in awo ya yi daidai, na kasuwa sun isa. Buji ma NGK ke ƙera shi, ba Yamaha ba. A duba lamba kawai, a kiyayi jabu.

Muna roƙon taro ya yarda a riƙa ware wani abu cikin kuɗɗin fito na kowace rana domin gyara.

Allah shi kiyaye mana ƴaƴanmu bisa ruwa. Amin.