Hatimin Zamani a Kan Zanen Injiniya

A gabashin birnin Alkahira, kan hanyar da ta nufi Suwez, akwai wata unguwa da ake kira Arba wa Nus, watau huɗu da rabi, don tana kilomita huɗu da rabi ne a kan hanyar. Galibin gidajenta an gina su ba da izinin hukuma ba. Mai gida in ya sami hali sai ya ɗora wani bene bisa na da. Maƙwabciyarta, Madinat Nasr, ta ga sakamakon irin wannan a watan Janairu na 2004, sa'ad da wani dogon gini da aka yi wa ƙari ba bisa ƙa'ida ba ya kama wuta, ya rushe a kan 'yan kwana-kwana.

In haka ta auku, tambaya ta fari ita ce: wane zane aka amince da shi, wa kuma ya taɓa shi daga baya? A da injiniya yakan buga hatiminsa a takarda, kamar yadda alƙali kan yi. Yanzu kuwa zanen gini, ko na gada, ko na injin jirgi, yana cikin kwamfuta, inda mugu zai iya rage kaurin ƙarfe ba a ga alamar gogewa ba.

Maganin wannan shi ne hatimin lissafi. Kwamfuta takan taƙaita zanen duka ya zama gajeren jerin lambobi, injiniya ya hatimce su da mabuɗin asiri wanda shi kaɗai ke da shi. Akwai mabuɗi na biyu a fili, wanda kowa ke iya gwada hatimin da shi. Ko ɗigo ɗaya aka sauya, lissafin ba zai daidaita ba.

Wani haifaffen Alkahira, Tahir Elgamal, ya wallafa dabararsa ta yin haka a 1985, a kanta kuma Amurka ta gina ƙa'idar da ta kafa a 1994. Masar ma ta halatta irin wannan sa hannu da Doka ta 15 ta shekarar 2004.

Sai dai hatimi ba ya gyara zane maras kyau, ba ya kuma tsare magini a bakin aiki. Amfaninsa shi ne, ranar bincike, wanda ya sa hannu ba shi da halin musu, wanda ba shi da laifi kuma ba a ɗora masa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.